Lefen Basira da Kuɗin Kotu

Tun ranar da motar siminti ta afka wa shagon Dabo, Alhaji Raji bai sake kiransa “ɗana” ba.

Da can kuwa haka yake kiransa. Alhaji Raji Bayarabe ne, amma a Fagge ya yi aure, a Fagge ya haifi 'ya'yansa, a Kasuwar Singa yake sayar da sukari da madara da sabulu a kan sari. Lokacin da manyan Dabo suka je neman auren Basira, 'yarsa ta fari mai koyarwa a wata makarantar firamare a Sabon Gari, dangin Alhaji sun yi ta surutu. Suka ce ga samari 'yan gida, me za a yi da tela Bahaushe? Alhaji bai saurare su ba. Ya ce yaron yana da sana'a, yana da shago kusa da shataletalen Bata da kekunan ɗinki biyu. Ya ce bayan Babbar Sallah a dawo a yi magana.

Ana saura 'yan kwanaki Sallar, Dabo ya ja ƙofar shago ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo, birki ya ƙwace wa babbar motar wani kamfanin gine-gine, maƙare da buhunan siminti, ta hau shagon ta zauna. Allah ya kiyaye, ba kowa a ciki. Amma kekunan sun zama tarkace, ɗinkunan Sallar mutane kuma suka cuɗe da siminti da baƙin mai. Dabo ya kwashe ɗan abin da ya tara ya bi masu kaya gida-gida yana biya, har da waɗanda suka ce sun yafe.

Kamfanin kuwa sai yawo da hankali suke yi masa. Yau manaja ya tafi Ikko, gobe a ce ya dawo jibi. Daga ƙarshe wani akawunsu ya ce masa in yana ganin yana da haƙƙi, kotu tana nan.

Shekarar ce da kuɗin man fetur suka cika gari, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji, kowa yana sayen babur da rediyo. A irin wannan shekara talauci ya fi fitowa fili. Alhaji Raji ya aika wa manyan Dabo saƙo gajere. Ya ce Basira ba yarinya ba ce, ba zai zaɓa mata miji ba. Amma ba zai ɗauki 'yarsa ya miƙa wa mutumin da yake ɗinki a keken aro ba.

* * *

Wanda yake karɓar ƙararraki a ofishin babbar kotu Mista Boniface ne, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin birni. Dabo ne yake yi wa 'ya'yansa ɗinkin Kirsimeti, saboda haka bai bar shi ya daɗe a kan benci ba.

“Tela, zauna in yi maka bayani,” in ji shi. “Kotu ba ta buɗe wa mutum fayil sai ya biya kuɗin shigar da ƙara. Kuɗin kuma ba ɗaya ba ne ga kowa. Gwargwadon abin da kake nema a biya ka, gwargwadon abin da za ka ajiye. Ga kuma kuɗin kai wa kamfanin sammaci.”

Ya faɗa masa jimlar. Dabo ya yi dariyar da ba ta da daɗi.

“Oga Boni, da ina da wannan ai keke zan saya, in bar su da Allah.”

“Na sani. Shi ya sa na ce ka zauna. Akwai wata hanya da doka ta ajiye wa marasa ƙarfi. Ka tsaya gaban mai shari'a ka rantse cewa ban da tufafin jikinka da kayan aikinka, ba ka mallaki wani abu da za a sayar a biya kuɗin nan ba. In ya gamsu, a buɗe maka fayil kyauta. In ka ci shari'a, kotu ta cire nata daga baya.”

Dabo ya gyara zama. Rabonsa da jin labari mai daɗi tun kafin Sallah.

“Ai ko yanzu a kawo Alƙur'anin.”

“Kada ka yi gaggawa. Da alwala za ka dafa shi, ka fi ni sanin nauyinsa. Yi tunani. Ba fili? Ba keken hawa? Ba rediyo? Ba wata ajiya a wurin wani?”

Dabo yana ta girgiza kai, har aka zo kan ajiya. Sai ya tsaya.

“Akwai fantimoti,” in ji shi a hankali.

“Me ke ciki?”

“Lefe.”

Mista Boniface ya cire tabarau ya ajiye. “An kai gidan yarinyar?”

“Ba a kai ba.”

“To naka ne, Tela. Ka yi haƙuri. Abin da ba ka miƙa ba yana hannunka, ko da sunan wa ka saya. In lefen na kirki ne, ya biya kuɗin nan har da canji.”

Lefen kuwa na kirki ne.

* * *

Fantimotin yana ƙarƙashin gadon Gwaggo Fanta, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi tun yana ƙarami. Turmi-turmi Dabo ya tara shi daga Kantin Kwari. Duk watan da ciniki ya yi kyau sai ya ƙaro abu ɗaya, ko atamfa 'yar Holan, ko leshi, ko gyale, ko takalmi. Ko a lokacin da yake biyan masu kaya bai taɓa kallon wajen gadon nan ba.

Da ya gama yi wa Gwaggo bayani, ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

“Sayarwa? Lefe? Kai ɗan nan, kanka ɗaya kuwa? Matan layin nan kaf sun san launin kowane turmi a cikin akwatin nan. Ranar da aka ga Holan ɗin nan mai ruwan ganye a jikin wata, ni da wane ido zan fita biki?”

“To ya zan yi, Gwaggo?”

Ta rage murya. “A ɗakina yake. Wa ya sani? Ka ce nawa ne.”

“Da Alƙur'ani a hannuna?”

Ta dafa ƙirji. “A'uzubillahi. Na janye. Shaiɗan ne ya ari bakina.”

Magana ba ta kwana a Fagge. Washegari da hantsi, Dabo yana kan keken abokinsa yana kafa wuyan wata riga, sai ga sabuwar Fijo fara ta tsaya a ƙofar shagon. Yekini ne, ɗan aminin Alhaji Raji, wanda ya samu kwangilar kai bencuna makarantun gwamnati. Shi ne ɗan gidan da dangi suke so wa Basira. Ba mugu ba ne, mutum ne mai fara'a, sai dai tun da kuɗi suka same shi ya ɗauka kowane abu yana da farashi.

“Tela na Malama! Sannu da aiki. Na ji kotu ta tsaya maka a wuya.”

“Lafiya lau, Alhaji Yekini.”

“Ni taimako na zo yi. Kada ka kai kayan nan Kwari su yi maka tayin wulaƙanci. Sayar min da akwatin gaba ɗaya, yadda yake a kulle. Abin da ka kashe, in ninka maka. Ka biya kotu, ka sayi keke sabo fil, har ka kama shago.”

Dabo bai ɗago ba. “Kai me za ka yi da shi?”

Yekini ya yi dariya yana kaɗa mukullin mota. “Haba, sai na faɗa? Kai ka san abin da take so, ni ban sani ba. Ka ga ka hutar da ni zagayen kasuwa. Kayan dai gidan za su je, ɗan aiken ne kawai ya canza.”

Sauran telolin shagon suka ɗago suna kallo. Dabo ya tsayar da ƙafarsa, ya ciji zare, ya dubi Yekini na ɗan lokaci.

“Alhaji, matsa kaɗan. Ka tare min haske.”

Yekini ya matsa, har yanzu yana murmushi. “Tayina yana nan. Yunwa ba ta da zuciya irin taka.”

Bayan motar ta tafi, Dabo ya ga ya kafa wuyan rigar a karkace. Ya ɗauki reza ya fara farkewa.

* * *

Bayan la'asar ya je gidan su Basira, lokacin da ya san Alhaji yana kasuwa. Mahaifiyarta, Iya Adijat, ta amsa sallamarsa daga ciki, ta ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Basira ta fito da gyale, alli bai gama fita daga yatsunta ba. Ta zauna can gefe.

“Na ji Yekini ya je wurinka,” in ji ta.

“Ya je.”

“Me ka ce masa?”

“Na ce ya tare min haske.”

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar fitowa. Ta share da bakin gyale.

“Malam Dabo, ka sayar da kayan nan. Ba ga Yekini ba, ka kai Kwari. Ni ba zane zan aura ba. Ko da turmi ɗaya aka kawo ni na yarda.”

“Ke kin yarda, Malama. Baba fa? Yanzu yana cewa ba shago, ba keke. Gobe ya ce ba lefe. Manyana su riƙo me su zo?”

“To ni in biya. Albashina yana hannun Iya, ta zuba a adashe, amma in na yi mata kuka za ta nemo.”

“A'a.”

“Don me?”

“Ranar da Baba ya ji da kuɗin 'yarsa na shiga kotu, ranar zai rufe min ƙofar nan. Kuma yana da gaskiya.”

“To ka bar ƙarar mana! Ka bar su da Allah!”

“In na bari, keken aro har yaushe? Kin ji saƙon da ya aika.”

Ta rufe fuska da tafukanta. Kukan nata ba mai ƙara ba ne, kafaɗunta kawai suke motsi. Dabo ya zauna yana kallon saƙar tabarma. Yana so ya ce ta yi haƙuri, amma ya san haƙurin ne take ta yi tun kafin Sallah.

“Kullum da safe,” in ji ta cikin kuka, “ƙannen Baba sai sun shigo gaishe shi, gaisuwar kuma ɗaya ce. Yekini ya sayi fili a kaza, Yekini zai kai uwarsa Makka. Ba mai ce min ki aure shi. Sai dai a faɗa a dube ni. Na gaji, Malam Dabo. Wallahi na gaji da kallon.”

“Ki yafe min. Ni na jawo miki.”

“Kai ka tuƙo motar?”

Ya girgiza kai. Can ta ɗago, ta gyara gyale, muryarta ta koma irin wadda take yi wa 'yan aji magana da ita.

“Mu bi abin daki-daki. Mista Boniface ya ce akwatin naka ne saboda me?”

“Saboda ba a kawo ba.”

“In an kawo fa?”

“Ya zama naki.”

“Sannan kai me ya rage maka?”

Dabo ya dube ta. “Rigar jikina da almakashi.”

“To a kawo.”

Wani mai tallan kananzir ya wuce ta ƙofar gida yana kira.

“Malama, wannan ba wayo ba ne? In kwashe kayana in zuba a gidanku don in samu bakin rantsuwa?”

“Ranar da ka sayi turmin farko, kotu ka yi niyya ko ni?”

“Ke.”

“To ina ƙaryar?”

“Ba ƙarya. Amma akwai ɓoyo. A ce Baba ya karɓa bai san dalili ba. Bayan kwana biyu ya ji a Singa cewa surukinsa ya tsaya gaban alƙali ya rantse shi matalauci ne. Abokan kasuwarsa su yi masa dariya. Na ci amanarsa ke nan, a cikin gidansa.”

“In ka gaya masa ba zai karɓa ba.”

“Wataƙila.”

“Ba wataƙila ba ne! Ubana ne, na san shi!” Hawayen suka dawo. “Na samo mana hanya, kai kuma za ka je ka toshe ta da hannunka. Wani lokaci ina rasa gane ko ni kake so ko sunanka.”

Maganar ta soke shi. Ya sunkuyar da kai.

“Sunan ne kaɗai ya rage min da zan kawo miki, Basira. In na ɓata shi a hanya, me zan shigo da shi?”

Ta miƙe, ta kai bakin ƙofar shiga gida, ta tsaya ba ta juyo ba.

“Ka je masa da safe, kafin 'yan sari su ɓata masa rai. Kada ka sa farar rigar nan, za ta sa ya ga kamar kana da hali.”

* * *

Singa da safe ba wurin hira ba ne. 'Yan dako suna ta shige da fice da katan-katan a ka, masu kura suna ihun a ba su hanya. Alhaji Raji yana zaune a kan kujerarsa ta ƙarfe a bakin shago, carbi a hannu ɗaya. Dabo ya cire takalmi ya durƙusa.

“Barka da asuba, Baba.”

“Yawwa, Malam Dabo. Lafiya?”

Dabo ya faɗa masa komai, bai rage ba. Kuɗin kotu, rantsuwar marasa ƙarfi, fantimoti, har tayin Yekini. Ya ce yana neman izini Gwaggo ta kawo lefe ranar Juma'a, ranar Litinin kuma zai tsaya gaban mai shari'a ya ce ba shi da komai.

Alhaji ya sallami wani ɗan dako, ya amsa gaisuwar wani maƙwabci, sannan ya juyo.

“An taɓa kawo lefe ba a sa rana ba? Ko ku Hausawa kun canza al'ada ban ji ba?”

“Ba a canza ba, Baba.”

“Wato gidana ne ma'ajiyar da za ka ɓoye kaya daga alƙali.”

“Kayan Basira ne tun ranar da na saye su. Amma gaskiya ne, ba don kotu ba da na jira sai ka kira mu. Shi ya sa na zo ka ji daga bakina.”

“Wa ya ba ka wannan dabara?”

Dabo ya dubi ƙasa.

“Bar shi, na san mai ita. Ni na biya mata kuɗin makaranta.” Alhaji ya ja carbi. “Ka san abin da kake roƙo? Mutum yana iya zama ba shi da komai, Allah ya rufa masa asiri, ba wanda ya sani. Kai za ka je ka yaye da kanka, a rubuta, a buga hatimi. Sannan a ce wancan mai hatimin surukin Raji ne.”

“Na sani, Baba.”

“Kuma in ka faɗi shari'ar?”

“In ci gaba da ɗinki a inda nake, har Allah ya kawo nawa.”

Alhaji ya dubi buhunan sukari kamar su zai tambaya.

“Ku kawo Juma'a,” in ji shi. “A ajiye a ɗakin Iya, ba mai buɗewa. Ban ce na karɓa ba.”

Dabo ya ɗago. “Baba, in ajiya ce, har yanzu nawa ne. Ba zan iya rantsuwa ba.”

“Wannan kuma matsalarka ce. Litinin zan zo kotun in zauna, in ji da kunnena. In abin bai yi min ba, ɗan dako zai dawo wa Gwaggonka da akwatinta. Tashi, ka tsare wa masu saye hanya.”

* * *

Ranar Juma'a Gwaggo Fanta da maƙwabtanta biyu suka kai fantimoti. Ba guɗa, ba tukwici. Iya Adijat ta ba su ruwa da goro, ta tura akwatin bayan ƙofa, ta yafa masa zane.

Ranar Litinin ɗakin kotu ya cika fiye da yadda ƙaramar buƙata irin wannan ta saba tarawa. Telolin Fagge sun rufe shaguna sun zo. Yekini yana layin gaba da babbar riga mai aiki. Alhaji Raji yana can baya, kusa da taga.

Mai shari'a dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Da Turanci yake yi, tafinta yana juyawa. Aka kira Dabo, aka tambaye shi ko yana da alwala, ya ce yana da ita. Masinja ya miƙo Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle.

Dabo bai miƙa hannu ba.

“Ranka ya daɗe, akwai magana kafin in dafa.”

Ya yi bayanin fantimotin, abin da ke ciki, da inda yake, da ranar da aka kai shi, da dalilin da ya sa aka kai shi a ranar. Da tafinta ya zo kan lefe sai ya rasa Turancinsa, ya yi ta kewaye-kewaye, mutane suka fashe da dariya har sai da masinja ya tsawatar.

Mai shari'a bai yi dariya ba. Ya ajiye alƙalami.

“To yanzu akwatin na wane ne?”

“Ban sani ba, ranka ya daɗe. Shi ya sa ban dafa ba.”

“Wa ya sani?”

“Mahaifinta.”

“Yana nan?”

Kowa ya juya baya. Alhaji Raji ya miƙe a hankali, kamar wanda gwiwa take damu.

“Alhaji,” in ji mai shari'a ta bakin tafinta, “kotu ba ta aurar da 'ya'yan mutane, kuma ba za ta fara yau ba. Abu ɗaya take son sani. In ajiya aka ba ka, akwatin na wannan mutum ne, sai ya je ya sayar ya biya kamar kowa. In ka karɓa a matsayin lefen 'yarka, ya fita daga hannunsa, sai ya rantse. Wanne ne?”

Alhaji ya gyara hula. Ya dubi Yekini, ɗan amininsa, wanda ya juyo gaba ɗaya a kan benci yana jira. Ya dubi Dabo, tsaye da hannuwa a baya, cikin tsohuwar riga mai ruwan ƙasa.

Ya buɗe baki.

* * *

Basira ba ta san abin da ta koyar ba a ranar. Ta rubuta kwanan wata a allo, ta goge, ta sake rubutawa. Da aka tashi ba ta jira motar haya ba, ta taho da ƙafa daga Sabon Gari, rana tana dukan ta.

Tana shan kwanar layinsu ta hango shi. Ɗan dako ne yake fitowa daga zaurensu, ya ranƙwafa don kada ya bugi saman ƙofa, fantimotin a kansa.

Littattafan hannunta suka zube. Ta jingina da katangar maƙwabta.

Sai ga Iya Adijat ta fito a bayansa, ta sha leshi, ta ɗaura gwaggwaro har yana taɓa sama.

“Iya,” in ji Basira, “Baba ya mayar?”

“Ke tashi daga jikin katangar mutane. Wa ya ce miki mayarwa ake yi da leshi?”

“To ina za a kai?”

“Sabon Gari, gidan yayar babanki. Daga can gidan kawunki, daga can duk inda muke da dangi. An karɓi lefe ai sai a nuna. Hausawa sun ce uwa ba ta rakiya, ni ba ruwana, ƙafata ƙafarsa.”

Basira ta toshe baki da gyale. Daga cikin zaure muryar Alhaji ta fito, a gajiye kuma a fusace.

“Ita ce? Ce mata ta shigo.”

Ta shiga ta durƙusa. Yana zaune a kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

“A gaban alƙali,” in ji shi. “A gaban rabin Fagge. Ni da nake zuwa kallo, ni aka tsayar. An ba shi Littafi ya dafa ya wuce, ya ƙi, sai da ya jawo sunana.” Ya girgiza kai. “Na duba, na ga in na ce ajiya ce, yaron nan zai juya ya fita bai rantse ba. Ya rasa shari'a, ya rasa ke, kuma ba zai yi ƙarya ba. Ina zan sake samun irin wannan taurin kai, in ba a gidana ba?”

“Na gode, Baba.”

“Kada ki gode tukuna. Ya rantse, an buɗe masa fayil, shi ke nan. Shari'ar ba a fara ba. Kamfanin nan suna da lauyoyi, yana iya faɗuwa. Uban Yekini kuma ba zai sake cin abinci da ni ba. Kina iya tarewa a ɗaki ɗaya, mijinki yana ɗinki a keken wani. Kin ji?”

“Na ji, Baba.”

“Kin yarda?”

“Na yarda.”

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya mayar da hularsa.

“To ki aika a gaya wa ɗan nawa manyansa su zo ranar Asabar.”

A waje ɗan dako ya gaji da tsayuwa, ya nufi lungun da yake yanke hanya zuwa Sabon Gari. Iya Adijat ta daka masa tsawa.

“Kai! Dawo nan. Ta babban titi za mu bi, ta gaban Bata. Kuma ka tafi a hankali.”